Tukunya Ta Karkata

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kwana ashirin da yi mini aikin. Likita ta ce sati shida: kada in ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi, kada in miƙa hannu sama, kada in yi daka, kada in yi tuƙi. Tana faɗin tuƙi tana murmushi, a tunaninta tuwon mutum huɗu nake yi a kicin mai fanka. Ban tsaya gaya mata cewa shekara goma sha tara nake tuƙa babbar tukunya a ƙungiyar Hajiya Zuera ba, mu da muke ciyar da unguwannin Nima da Maamobi ranar biki da suna da sadakar arba'in. Tukunyar da in aka juye ta mutum uku za su zauna a kai su yi hira. Na dai ce mata to, na ɗauki takardar magani na fito.

A wurin aiki kowa ya san ina Kumasi ina jinyar gwaggona. Gwaggon nan tawa lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta yi, Allah ya yafe mini. Ina nan cikin ɗakina a Maamobi, labule a sake, ina kwance rigingine kamar an ajiye ni a shanya, ina jin muryar masu wucewa ina gane kowa.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Hajiya Zuera ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Samiratu, Kumasi ya riƙe ki ke nan? Bikin awure na nan ran ashirin ga wata, mutum ɗari takwas. In ba ki dawo ba, Najat zai tuƙa."

Na ce, "Hajiya, Najat fa?"

Ta ce, "Najat. Yana da ƙarfi paa, sosai. Kuma wanda ya tuƙa awuren nan, shi ke da tukunyan daga yau, ba zan dinga canje-canje ba. Ki gai da mai jiki."

Najat! Matar ɗan wanta, wadda ta shigo ƙungiya bara. Ni na koya mata yadda ake taka ƙarafunan da ke riƙe tukunya, sau uku tana zamewa kamar mai koyon keke. Ƙarfi kam akwai, Allah ya ba ta. Amma tuwo ba dambe ba ne, kuma ni ban yi shekara goma sha tara ina shan hayaƙi don a miƙa mata muciyata a waya ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na ɗaga bokiti rabi. Na ajiye.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Mun yi da Baban Zakaria. Ya dawo cin abinci, ya bar trotro ɗinsa, motar hayar da yake ja, a tasha, ya tarar ina ɗaure muciyata a leda. Ya ce, "Maman Zakaria, dokta ya ce sati shida. Sati uku kika yi. Ina za ki?" Na ce aiki. Ya ce in gaya wa Hajiya gaskiya, mace ce, za ta gane. Na ce shi bai san mata ba. In na gaya wa Hajiya da safe, kafin la'asar masu doya a kasuwar Old Fadama sun ji.

Kuma in ce mata me? In ce shekara goma sha ɗaya, tun ciwon da na yi bayan haihuwar Zakaria, da nonon dama ya ruɓe aka yanke abin da aka yanke, ina ninke tsumma ina cusawa a rigar nono? In ce kullum a gaban wuta tsumman yana jiƙewa da gumi yana zamewa, ina tuƙi ina gyara shi da gefen hannu? In ba ta labarin ranar bikin unguwar Madina, da ya faɗo a gaban maza masu kafa rumfa, na take shi da ƙafa na ce tsumman tukunya ne, na ƙarasa yinin da ɗankwali a yafe a ƙirji cikin wannan zafi? Babu wadda ta san wannan. Na gaji ne. Na je an sa mini abin da ake sawa, an daidaita shi da na hagu, shi ke nan. Ban saci na kowa ba.

Shi dai mijina Abdul-Fatawu bai taɓa ce mini komai a kai ba tsawon shekarun nan, ko da wasa, kuma shi ya kai ni asibitin. Wannan na ba shi. Amma tukunyata ba tasa ba ce, ba zai san zafinta ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Na koma. Suna ne ƙarami a Kokomlemle, mutum ɗari da ɗoriya. Na sa rigar matsin da likita ta ba ni, na ɗora babbar riga, na yafa zane. Latifa tana ganina ta yi guɗa, ta taho da gudu za ta rungume ni, na tare ta da kwandon ayoyo. Ta ce, "Ei, sista, Kumasi ya karɓe ki! Kin yi fari." Na ce zaman ɗaki ne da mara lafiya. Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Latifa ita ce abokiyar kunnena. A wurinmu ba a sauke babbar tukunya daga murhu sai mutum biyu, kowa da kunne ɗaya, kuma Hajiya ba ta yarda a haɗa ki da wadda ba ku saba ba, don dole tsayinku da takunku su zo ɗaya. Ni da Latifa shekara tara muna tare. Kafin a ɗaga, kowa sai ta tambayi 'yar'uwarta, "Kin shirya?" Sai an ji "Na shirya" daga baki biyu, sannan a yi bismilla. Wadda ba ta jin ƙarfi ta ce ba ta shirya ba, wasu biyu su karɓa, kuma dokar Hajiya ce babu mai tambayar ta dalili. Ko ciki ne, ko al'ada, ko faɗa aka kwana yi da miji, ba ruwan kowa. Mata da yawa sun faɗa. Ni ban taɓa faɗa ba, har da cikin Zakaria wata bakwai, kuma duk ƙungiya an san haka don ina yi musu gori da shi.

Yau ƙaramar tukunya aka ɗora. Na tuƙa da hagu, dama na tallafa kawai. Ya yi laushi, babu gudaji ko ɗaya. Hajiya ta ɗanɗana ta ce, "Yoo, ya yi." Najat ta koma yankan albasa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da asuba

Na yi salla a zaune. Ba komai ba ne, jiki ne ya manta aiki.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mun je tankaɗe a gidan Hajiya, buhu shida na garin masara, biyu na rogo. Ina ɗaga rariya sai wani abu ya ja ni daga ƙarƙashin hammata kamar an ɗinka zare ana tsukewa. Na ajiye, na ce zan sha ruwa. Latifa ta biyo ni bakin famfo.

"Sista, hannun ki ba daidai ba ne. Tun Asabar ina kallo."

Na ce kafaɗa ce, kwanan tabarma a Kumasi.

"To bari a kira mai ɗori ya ja miki. Ko ni in gasa miki da ruwan zafi da man kaɗe."

Na ce a'a da ƙarfin da ya sa ta ja baya. Ruwan zafi! Likita ta ce wurin ba ya ji yanzu, ko ƙonewa na yi ba zan sani ba. Latifa ta ce, "Kafra, yi haƙuri. Taimako nake nufi." Ta koma wurin rariya. Mutane ba su iya barin mutum ya sha ruwa ba sai sun leƙa cikin kofin.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan isha'i

Likita ta sa an kira ni sau biyu, wai ban zo dubawa ba. Zan je Litinin. Gobe ne bikin. Baban Zakaria ya ci abincinsa ya fita masallaci. Ya yi ta fushinsa, shi ba a taɓa cewa za a ba wani motarsa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Tukunya ta karkata.

Litinin, 21 ga Oktoba, da azahar

Na tuƙa ta farko lafiya. Ta biyu ma na tuƙa, duk wanda ya ci ya san hannuna ne. A ta ukun ne. Ƙasan wurin a jiƙe yake tun safe, na faɗa musu su daina zubar da ruwan wanke-wanke kusa da murhu, ba wanda ya ji. Tsumman da aka ba ni na riƙe kunnen tukunya kuma duk maiƙo ne. Dutsen murhun na gefena ma ba a kafa shi daidai ba. Muka ɗaga, muka yi taku biyu, tukunya ta karkata.

Tuwon zafi ba kamar ruwa ba ne, in ya zuba mannewa yake yi. Ƙafar Latifa ta hagu, daga idon sawu zuwa yatsu. Silifas ne a ƙafarta. Ba zan rubuta ihun ba.

Ni ban san rigata ta ɓaci ba sai da Najat ta nuna ta ce, "Anti, jini!" Suka ja ni bayan rumfa, suna tsammani ni ma na ƙone, kafin in hana sun ɗage rigar. Mata shida suka ga rigar matsi da bandeji da komai. Aka sa mu a tasi ɗaya ni da Latifa, ba wadda ta kalli wata.

Ɗinkin ya buɗe, an sake ɗinkewa. Abin da ke ciki bai motsa ba. Likita ta yi ta faɗa kamar uwata, wai an koma farko, wani sati shidan. Latifa an kwantar da ita a wani asibitin.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na faɗa, ai na faɗa. Yau har mai kokon bakin gota, wato lambatu, ta aiko a gaishe ni "da jiki", matar da ba mu taɓa gaisawa ba. Wai Samiratu ta je an hura mata ƙirji. Wai duka biyun ne, wai har da baya. Wai don Baban Zakaria yana neman wata ne. Wai roba ce ta narke a gaban wuta ta fashe. Wata maƙwabciya ta shigo da lemo, ta zauna, idonta bai taɓa hawa fuskata ba har ta tafi. A bakin ƙofa ta ce, "Mu dai yadda Allah ya yi mu, mun gode." Ita da haƙorinta na Makka guda biyu da man bilicin har gwiwar hannu!

Yadda Allah ya yi ni, da biyu ya yi ni. Ciwo ne ya ci ɗaya. Wanda ya rasa ƙafa ya sa ta roba ana yi masa barka, har a taya shi addu'a. Ni da na rasa abin da ba a gani, sai in mutu da tsumma don kada ran matan Maamobi ya ɓaci? Ina suke shekara goma sha ɗaya da nake wanka da asuba don kada a gan ni a bayan gidan haya? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban yi nadamar aikin nan ba, ko gobe aka ce in sake zan sake.

Ba wanda yake maganar jiƙaƙƙen ƙasa. Ba wanda yake maganar tsumma mai maiƙo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

An ce za a yanki fata a cinyar Latifa a liƙa a ƙafar. Na dafa mata farfesu, na rasa wanda zan aika, muka ci.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Hajiya Zuera ta aiko in je. Na shirya maganata tun a hanya, tun daga ciwon har bikin Madina, na ce yau za ta ji. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na fara. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Samiratu, nonon ki naki ne. Ki sa guda goma in kina so, bai dame ni ba koraa, ko kaɗan. Wanda ya kawo mini wannan magana jiya, kore shi na yi. Abu ɗaya zan tambaye ki. Latifa ya tambaye ki kafin ku ɗaga?"

Na ce ƙasan wurin a jiƙe yake.

"Ya tambaye ki?"

Na ce ta tambaya.

"Me kika ce?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce ita ta kafa dokar nan ne tun kafin in shigo, saboda wata da ta yi ɓari a gaban murhu don kunyar faɗin tana da ciki. Ta ce kalma uku ce, "ban shirya ba," ba a biyan ko sisi, ba a tambayar dalili, kuma da na faɗe su da muciyata tana hannuna har yau, don tuƙi daban, saukewa daban. Na ce ai ita ta ce za ta ba Najat. Ta ce, "Na ce in ba ki zo ba. Kin zo."

Na tambaye ta tukunyata. Ta ce ba ta kore ni ba. Ta ce tukunya kunne biyu gare ta, in na warke in samo wadda za ta riƙe ɗayan da ni da yardar ranta, sai in dawo. In ban samu ba, akwai yankan albasa.

Na fito ina huci. Da zagina ta yi a kan aikin, da na san amsar da zan ba ta.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Gida huɗu na shiga. Ta farko ta ce bayanta yana ciwo kwanan nan. Ta biyu ta ce tsayinmu bai zo ɗaya ba, matar da muke musayar riguna. Ta uku ta ce sai ta tambayi mijinta. Tun yaushe ake tambayar miji kunnen tukunya? Najat ce kaɗai ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Anti, ina girmama ki, ke kika koya mini. Amma in Anti Latifa bai yarda ya sake ɗauka da ke ba, ni wane ne?" Duka maganarsu ɗaya ce, ita ce dai ta faɗe ta a fili. Suna jiran su ji bakin Latifa.

Shekara goma sha tara, ban taɓa zubar da ko ludayi ɗaya ba. Rana ɗaya tak.

An sallami Latifa jiya. Gidanta bai fi tafiyar minti goma ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Tsumman riƙe tukunyar ba shi da maiƙo. Ni na zo da shi daga gida, ni na wanke shi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan azahar

Tun a tukunya ta biyu yatsuna suka daina ji. Na sani. Latifa ta kalle ni ta tambaya, har sau biyu ta tambaya.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je gidan Latifa. Tana zaune a katifa, ƙafar a kan matashi, an naɗe ta har ƙwauri. Ta rame. Na yi sallama ta amsa, ta ce in zauna, ta sa 'yar'uwarta ta fita ta ja ƙofa.

Na ce, "Latifa, ni na saki. Hannuna ya mutu tun kafin mu ɗaga, na ce miki na shirya."

Ta ce, "Na sani, sista. Ni ke ɗaya kunnen."

Ana ta tallar kifi a waje. Can ta ce, "Nuna mini."

Na ce me?

"Abin da aka yi miki. Kowa a Nima ya ba ni labari, wanda bai gani ba ma ya fi iya faɗa. Ni da na ba da ƙafa na, ai ya kamata in gani."

Na kusa tashi in tafi. Sai na kwance zane, na ɓalle rigar matsin. Ban da likita da Baban Zakaria ba wanda na taɓa buɗe wa da hannuna. Na gaya mata na tsumman, da na Madina. Ta ce ta tuna ranar, ta ɗauka zazzaɓi nake yi. Ta daɗe tana kallo, ba irin kallon maƙwabciyata ba.

Ta ce, "Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau paa. Da ni ce, da na yi tun tuni. Rufe kada iska ya shiga." Na rufe. Ta ce, "Yanzu ke duba nawa."

Ta warware bandejin da kanta, a hankali, tana cije leɓe. Na duba. Ban kau da kai ba, don ita ma ba ta kau da nata ba. Yatsu biyu sun haɗe. Likitanta ya ce za ta taka, amma tsayuwar yini a gaban wuta sai bayan shekara, in ma za a yi.

Na taya ta mayar da bandejin. Ban yi niyyar tambaya ba, wallahi ban yi ba, amma bakina ya riga ni. Na ce Hajiya ta ce in akwai wadda za ta riƙe kunne da ni, kuma duk suna jiran abin da za ta ce.

Ta gyara matashin a ƙarƙashin ƙafarta. Ta ce, "Na yafe miki, sista, duniya da lahira, tun a cikin tasi na yafe. Ki zo kullum, ki kawo farfesu, mu yi hira. Amma ba zan ce wa wata ta ɗauka da ke ba. Shekara tara ina gefen ki, sau biyu na tambaye ki, kika kalli ido na."

Na ce to. Na zauna har aka kira magariba, na zuba mata ruwan alwala da hannun hagu. A hanyar dawowa na biya gidan Hajiya na ce a sa sunana a masu albasa.